Mujallar da Ban Yanka Ba

Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a tsakiyar shekarun casa'in, lokacin ina karatu a Lyon. An daɗe, kuma na lura cewa abin da mutum ya yi ta juyawa a ransa shekara da shekaru yakan yi sulɓi kamar guntun sabulu, har ya kasa rarrabe abin da ya ji da kunnensa da abin da ya cike da kansa. Don haka mai yiwuwa wasu kalmomin da zan sa a bakin mutane ba daidai haka suka fito ba. Jerin watanni da launin tufafi ma ba zan rantse a kansu ba. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka san mu za su gane, waɗanda ba su san mu ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba.

Ranar da zan bar Damagaram, mahaifiyata ta ba ni wata 'yar takarda mai adireshi a Stains, a gefen Paris. Ta ce ɗiyar maƙwabciyarmu ce ke zaune can, in neme ta, kada in zauna a ƙasar mutane kamar marar dangi. Ba jini ɗaya muke ba, amma ta girme ni da shekaru kusan goma, kuma ta sha goya ni ina ƙarama, saboda haka Yaya nake ce mata. Mahaifiyarta kuwa duk unguwa Inna muke kiranta. Yaya ta tafi Faransa ne tare da iyalin wani ma'aikacin jakadanci tana yi musu aikin gida. Da wa'adinsu ya cika suka koma, ita ta tsaya. Tana ɗinki a bayan shagon wata mai sayar da atamfa da shadda a Château Rouge.

Sai da na yi wata uku kafin na hau jirgin ƙasa na je. Na same ta a bayan keken ɗinki, bakinta cike da allurai. Ta tofar da su a tafin hannu ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce kika zama haka? Da na san za ki yi wannan tsawon da ban goya ki ba, ashe bayana kika yi ta ja."

Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi gida-gida har da akuyar gidanmu da ta mutu tun tuni. Na lura tana ɗan jan ƙafa lokacin da muke sauka matakalar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma na ɗauka gajiya ce. Sai da muka isa ɗakinta, la'asar ta yi, ta zauna bakin gado za ta yi alwala, ta ɗage zane ta kwance wani maɗauri a ƙasan gwiwarta ta hagu, ta zare ƙafar ta jingine ta da bango. Ƙafar roba ce, da bututun ƙarfe a tsakiya.

Ban san abin da fuskata ta yi ba. Na dai ji ta ce, "Rufe bakin, ƙuda zai shiga. Motar kai kaya ce ta take ni, shekara huɗu ke nan. Kuma Allah Ya yi min rangwame. Ta shiga bayi Ya ɗauka, Ya bar min ta shiga masallaci."

Na yi dariya, sannan na yi kuka, ta bar ni har na gama. Daga nan ta sa na yi alkawari. Inna ba ta sani ba, kuma ba za ta ji daga bakin kowa ba sai nata.

Wanda bai yi zaman nesa ba zai iya ganin wannan a matsayin yaudara. Mu a lokacin ba haka muke ganinsa ba. Mugun labari ba a aika shi a wasiƙa ga tsohuwa mai hawan jini, mutum ne ke kai shi, ya zauna kusa, ya fara da gaisuwa. Daga gida ma haka suke yi mana, sai a binne kawun mutum a yi sadakar arba'in yana nan yana aika masa gaisuwa. Yaya tana aika hoto duk Sallah, kullum a zaune, zane har ƙasa. Tana aika kaset da muryarta cike da raha. Inna kuma duk shekara tana aiko mata takalman fata daga wurin badukun unguwa. Na gan su jere a ƙarƙashin gado, na dama sun ɗan sha ƙasa, na hagu sababbi ful, don maɗaurinsu ba ya kama ƙafar roba.

Ta riga ta tsara yadda za ta faɗa. Takardun zamanta kawai take jira su daidaita, yadda in ta tafi za ta iya dawowa bakin aikinta. Ta ce za ta shiga gida da ƙafarta, ta yi kwana uku tana shara, tana ɗebo ruwa a randa, tana raka baƙi zaure. Ranar ta huɗu da hantsi za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna ta ce, "Inna, kwana uku kina ganina ina tafiya, ko?" Sai Inna ta amsa, sannan ta ɗage zanen. Ta maimaita min wannan fiye da sau goma. Saboda shi take hawa matakalar benensu a ƙafa alhali akwai na'urar hawa, wai tana koya wa ƙafar ladabi.

Ni kuwa abin da nake karanta a Lyon ko ni kaina ina jin nauyin bayyana shi ga mutanen gida. Kundina na kammala digiri a kan yadda ake nuna jikin mace da na namiji ne a wurare biyu: tallan tufafi a mujallu, da littattafan labari cikin zane, musamman waɗanda ke da mutanen da aka haɗa jikinsu da inji, rabi nama rabi ƙarfe. Malamata ce ta ba ni shawarar haɗa su, ni kuma ban iya cewa a'a ba. Ina sayen tsofaffin mujallu a wurin masu gwanjo a Guillotière, in yanka hotunan da almakashi, in manna kowane a kati, in sa masa lamba. Ina tsoron kuskure ƙwarai. Kati ɗaya sai in duba shi sau uku.

Abin da na riƙa gani, in har ban ƙara gishiri ba, shi ne a tallan ana yawan gutsuttsura mace. Ƙafafu kaɗai, ko leɓe, ko jiki daga wuya zuwa gwiwa babu kai. Namiji kuwa galibi cikakke yake tsaye, yana kallon mai kallonsa. A littattafan zanen ma haka. Idan namiji ne aka sa masa ƙarfe, sai ka ga tabo a inda ƙarfen ya haɗu da nama, ka ga hannun ya yi kauri, yana fasa bango da shi. Idan mace ce, ƙarfen santsi yake kamar rigar da aka ɗinka mata daidai ƙugu, fuska ko ƙwarzane babu, kuma sau da yawa a kwance take bisa tebur an buɗe bayanta wani yana gyara.

Duk hutu ina kai wa Yaya ziyara da katunana a jaka. Da farko ina ɓoye su don kunya, har ranar da ta zazzage jakar tana neman almakashi.

"Wannan ne karatun? Iyayenki na can suna cewa ɗiyarsu na lakwal tana neman ilimi, ashe tsiraicin aljanu kike tarawa."

Ta ɗauki wani kati ta kai kusa da taga. Wata mace ce mai ƙafafun ƙarfe tana tsalle daga saman bene.

"Wanda ya zana wannan bai taɓa zama da gurguwa ba. Ina safa? Ni safa uku nake sawa kafin in zura, in an yi zafi in cire in matse. Wannan ko gumi ba ta yi. Kuma dubi dugaduganta, wai har tsini aka ƙera mata. A ce an yanke miki ƙafa, a zo yi miki sabuwa, a yi miki mai tsini! Mugunta ke nan, Madam Digiri, rubuta."

Na rubuta. Ta ɗauki na namijin.

"Shi kuma an bar masa tabonsa, ka ga jarumi. Ita an share nata. To ai tabon shi ne mutum. Ni wurin da ke ƙaiƙayi cikin sanyi shi ne ke tuna min ƙafar tawa ce aka cire, ba ta maƙwabta ba."

Dole in faɗi gaskiya, mafi kyawun abin da ke cikin kundin nan daga bakinta ya fito. Na juya shi zuwa Faransanci mai nauyi, ban sa sunanta ba saboda alkawari. Har yau ban tabbatar ko rufin asiri na yi mata ko sata ba.

A ajinmu akwai wata Bafaranshiya da muke shiri, yayarta kuma matashiyar mai tsara tufafi ce a Paris, ba ta yi suna ba tukuna. Wata rana a hira na ambaci maganar safa, ban faɗi ko wace ce ba, na dai ce wata 'yar ƙasarmu ce. Wannan shi ne kuskurena na farko. Bayan sati biyu mai tsara tufafin ta kira ni a wayar gidan ɗalibai. Tana shirya hotunan talla na wasu riguna da ta yi da shadda, za su fito a wata ƙaramar mujalla, kuma tana son mace ta gaske mai ƙafar ƙarfe ta gaske. Ta yi magana cikin ladabi. Ban ga mugun nufi a tare da ita ba, har yanzu ban gani ba.

Na kwana biyu ina tunanin ko in isar da saƙon. A ƙarshe na ga ba ni da ikon yanke wa babba hukunci, na isar. Na ɗauka Yaya za ta yi tsaki. Sai ta shiga jujjuya zare a yatsa.

"Ke me kika gani?"

Na ce ta wani ɓangaren abu ne mai kyau a ga jiki irin nata a inda ba a saba gani ba. Ta wani ɓangaren kuma akwai haɗarin a mayar da ita abin kallo. Na ce ya danganta da yadda aka ɗauki hoton, kuma masana ma ba su daidaita a kai ba.

"Wayyo ni. Boko ta cinye miki i da a'a. Na tambaye ki hanya kin zana min kasuwa."

Ta miƙe ta je gaban madubin da masu gwajin kaya ke dubawa.

"Shekara shida ina rufe ta kamar cikin shege. Ko mai shagon nan ba ta taɓa ganinta ba. Ina so sau ɗaya in tsaya a haske da ita, wani ya ce tsaya haka, ya yi kyau. Amma ban da fuska. In fuskata ta fito, na yanka ki."

Ni na karanta takardar yarjejeniya. Na karanta sau uku, na sa aka ƙara layi cewa ba za a nuna fuska ko suna ba, aka ƙara. Na ji daɗin kaina sosai a ranar. Na kuma lura, da ɗan ɗaci, cewa ni da na cika babi guda ina sukar hoton mace marar kai, ga ni ina roƙon a yanke kan Yayata. Na gaya mata, ta ce, "To ki ƙara babi."

Ban je wurin ɗaukar hoton ba, ina da jarrabawa. Ta ba ni labari daga baya tana ta dariya: an cire wa ƙafar rufin roba don ƙarfen ya fito, an goge shi har yana walƙiya, wata mata ta zo da hoda za ta shafa wa bututun. Ta ce sun so ta kwanta bisa wani tebur, ta ce musu a gadon likita ta gama kwanciya, a tsaye za ta yi. Ta ce ranar ta ji kanta kamar amarya.

Da mujallar ta fito na saya a wani kiyos na jaridu kusa da gada. Hoton ya cika shafi guda. Daga haɓa zuwa ƙasa ne. Riga ce ta shadda, ina jin shuɗiya, mai wani irin wuya da aka naɗe gefe guda, da ɗan siket iya gwiwa. Ta riƙe ƙugu da hannu biyu, ta ɗora ƙafar ƙarfen gaba. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko almakashi don in mayar da shi kati kamar sauran, sai hannuna ya ƙi. Na ga bai dace in sa wa Yaya lamba ba, in jera ta tsakanin aljanun zane, malamai su yi ta nuna ta da biro. Na ajiye almakashin, na sa mujallar cikin tarin sauran yadda take.

Yanzu sai in yi bayanin kawuna. Ƙanen mahaifiyata ne, tela, shagonsa na bakin titin unguwarmu, gida huɗu tsakaninsa da gidan Inna. A wancan zamanin duk telan da ke da ɗan'uwa a Turai yana roƙon abu ɗaya, tsofaffin mujallun tufafi, waɗanda suke kira katalog. Ana cire shafuka a manna a bango, mata su zo su nuna, a ɗauki wuyan wannan a haɗa da hannun waccan. Tun da na tafi, duk wasiƙar Kawu da katalog take ƙarewa. Na yi ta ce masa sai na gama.

Da na gama kundin, na zauna da rana tsaka a ɗakina na raba mujallun kashi biyu. Waɗanda almakashi ya ratattake na zubar. Waɗanda suke cikakku na ɗaure su da igiya don Kawu. Ban buɗe su ɗaya bayan ɗaya ba. Ƙa'idata mai sauƙi ce, kuma na yarda da ita: abin da ban yanka ba, babu abin da ya shafe ni a ciki. Wani ɗalibi ɗan Maradi da zai tafi hutu ya sa min su a balis ɗinsa, wato akwatin tafiyarsa. Na tuna har godiya na yi wa Allah da na sauke nauyin Kawu.

Abin da ya faru a shagon ban gani da idona ba. Daga wasiƙar Kawu na haɗa shi, da abin da mahaifiyata ta gaya min bayan shekaru. Wuyan rigar ne ya burge Kawu. Ya cire shafin, amma da ya ga siket ɗin gajere ne, ga kuma abin da ya ɗauka wani sabon takalmin Turawa ne mai ƙarfe, sai ya ji kunyar matan da ke shigowa. Ya naɗe rabin shafin na ƙasa zuwa baya, ya kafe shi da ƙusa. Abin da ya rage a fili riga ce da hannaye biyu a ƙugu.

Ya yi kwanaki a bango. Ranar nan Inna ta shigo da zane za a yi mata kalmasa don wani suna da za a yi a unguwa. Akwai mata uku ko huɗu a kan benci. Tana jira tana kallon bango, sai ta miƙe ta matsa kusa. A wuyan hannun Yaya na dama akwai tabon ƙuna mai siffar ganye, man ƙosai ne ya fallatsar mata tana yarinya. Na san tabon. Na gan shi sau ɗari a kan keken ɗinki. Na karanta yarjejeniya sau uku ina neman kalmar fuska, hannu bai taɓa zo min a rai ba.

Kawu ya ce murna ta fara yi. Ta ce wa matan ku zo ku ga ɗiyata a katalog ɗin Turawa, wannan hannun ko cikin dubu na san shi, ni na shafa masa zuma. Suka taso suna guɗa a hankali, suna tsokanarta. Ta ce Kawu ya ciro mata, za ta kai gida. Ya zare ƙusar ya miƙa mata. Ita ta warware naɗin da hannunta, a gabansu.

Bayan kamar wata guda Yaya ta kira ni. Gaisuwar a taƙaice ta yi ta, abin da ba ta saba ba. Ta ce in zo ranar Lahadi. A lokacin wasiƙar Kawu ta riga ta iso, saboda haka na san abin da zan tarar. Ban ci komai ba a jirgin.

Na same ta zaune a ƙasa, ƙafar na jingine da bango, rediyon kaset a gabanta. Ta danna shi. Muryar Inna ta fito. Ta yi sallama, ta gaishe ta, ta tambayi aiki da sanyi da mai shago. Ta ba da labarin damina, ta ce gero ya yi kyau a gonar gabas. Ta daɗe a kan wannan, har na fara sa ran ba za ta taɓo maganar ba. Sai aka ji ta gyara zama.

"Na ga hannunki a wurin tela. Na ga sauran. Mutane na ta magana a kan gajeren zane, su suka sani, ni ba shi nake tambaya ba. Abin da nake tambaya, ranar da abin ya faru wa ya riƙe miki kai? Wa ya dama miki kunu? Wa ya wanke ki? Ki faɗa min sunansu in sa musu albarka, tunda ni ba a ga na isa ba."

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa. Ana jin kaji a tsakar gida.

"Shekara shida ina zuwa wurin baduku ina ce masa ya sassauta na hagun. Na ce masa ɗiyata tun tana ƙarama ƙafarta ta hagu ta fi faɗi. Shekara shida yana sassautawa."

Yaya ta kashe. Ta ce, "Ban san yadda aka yi ya je can ba. Wannan 'yar mujallar ko a nan ba kowa ke sayenta ba."

Ta ba ni ƙofa, da na yi shiru da mai yiwuwa ba za ta taɓa sani ba, don Inna ba ta ambaci sunan Kawu ba. Na faɗa mata. Na faɗa da tsari, tun daga almakashi har zuwa balis, kamar mai kare kundi, domin in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Ta saurara har ƙarshe tana kallon taga.

"Kin ci abinci?"

Na ce a'a. Ta ɗaura ƙafar, ta tashi ta ɗumama shinkafa da miya, ta ajiye a gabana, ta tsaya a kaina har na kai loma. Sannan ta zauna.

"Ni ma na manta ina da hannu, ba ke kaɗai ba. Kuma ba don mugunta kika ƙi yanka ni ba, na sani. Amma maganar tawa ce, ƙanwata. Ita kaɗai na mallaka a garin nan. Na san ranar, na san tabarmar, na san kalmar farko. Yanzu in na je me zan ce? Kwana uku tana kallon ƙafata, ba tafiyata ba."

Na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe tun kafin in gama shinkafar, in daina jiƙa mata miya da hawaye, gishirinta ya isa.

Ta yi wa Inna kaset a satin. Ban ji abin da ta faɗa a ciki ba, ban kuma tambaya ba. Ta ƙara matsa wa maganar takardu, ta yi ta zirga-zirga a ofisoshi da wannan ƙafar. Kafin su fito, Inna ta rasu, damina ba ta zagayo ba. An ce hawan jinin ne, kuma ta daɗe da shi. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na yi imani da haka. Ba na cewa shafin ne. Ina dai cewa ban taɓa samun wanda zai tabbatar min ba shi ba ne. Wannan karon ba su ɓoye wa Yaya ba, a ranar suka kira.

Kundina ya sami yabo. Malamata ta fi son babin da ke magana a kan tabo. Na karɓi takardar na sa a jaka, ban nuna wa Yaya ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ba mu yi faɗa ba. Na ci gaba da zuwa Stains, tana ci gaba da ce min Madam Digiri, sai dai ta daina hawa matakala, tana jiran na'ura kamar kowa. Da na sami aiki a wani gari ziyarar ta ragu, sannan ta koma gaisuwar Sallah. Daga baya na ji ta koma gida gaba ɗaya. Takalman hagun ban san yadda ta yi da su ba.

Abu ɗaya ya rage da ban sani ba, kuma saboda shi na rubuta duk wannan. Kowa ya yarda Inna ta fita daga shagon da shafin a hannunta. Wata maƙwabciya ta ce a murhu ta jefa shi a ranar. Mahaifiyata kuwa, Allah Ya ji ƙanta, ta ce da aka zo raba kayan Inna an same shi a ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwanta na adana. Na tambaye ta a naɗe yake kamar yadda Kawu ya naɗe shi, hannaye kaɗai a fili, ko a buɗe yake duka. Ta ce ba ta lura ba.

Kawu ya rasu. Amma cikin matan da ke kan benci ranar, ko waɗanda suka buɗe kwallar, ina kyautata zaton akwai mai rai. In wannan ya isa gare ku, ina roƙo ku aiko min da gyara ta hannun mutanen gidanmu, duk inda na kauce, ko launin rigar ne, ko abin da Inna ta faɗa. Wadda kuma ta ga shafin da idonta, ta gaya min yadda ta same shi, ko da amsar ba wadda nake fata ba ce. Yaya, in ke ce kika karanta, kin fi kowa ikon gyara ni, kuma in kin ce in janye shi duka zan janye.